Garinmu bai mutu ba tukuna

Wani mai rahoto ya ce ƙananan garuruwa sun gama yawo tunda matasa sun tsere birni. Ni dai ban yarda ba. A garin da kowa ya san kowa, idan iska ta yaye rufin makaranta, jama'a kan haɗa kuɗi su gyara kafin hukuma ta farka. Ga kuma wutar sola da intanet, mutum zai iya yin aikinsa daga gida. Inda gizo ke saƙar shi ne masu hali da suka fita: sai su danƙara gida su kulle, sai shekara-shekara. Da kuɗin ya tafi asibiti ko koyar da sana'a, da yara da yawa sun zauna.