Haɗaka ba takarda, rabon kujera ce kawai

To shi ke nan, tunda 'yan adawa sun taru a Abuja da sunan haɗaka an ɗaga hannu an ɗauki hoto, gobe fetur zai dawo naira ɗari biyu! Daga PZ har Samaru a Zariya zancen ke nan a teburin mai shayi, haɗaka, haɗaka. Ku tambayi 'yan haɗakar me suka rubuta a kan tallafin fetur, farashin dala da harajin VAT. Shiru kake ji.

Gyaran tattalin arziki zafinsa ke fara zuwa, amfaninsa sai an jima. A gwamnatin haɗaka kuwa kowa na da ikon taka birki, duk wanda zafin ya taɓa masu zaɓensa sai ya ce zai fice. Haka Mamata Banerjee ta janye jam'iyyarta daga gwamnatin haɗakar Indiya a 2012 da aka ƙara kuɗin dizal. A Afirka ta Kudu an ɗage karanta kasafin kuɗi a Fabrairun 2025 saboda jam'iyyun ANC da DA da ke gwamnatin haɗaka sun kasa daidaitawa kan ƙarin VAT, ƙarshenta aka fasa ƙarin ɗungurungum.

Mu ma ba baƙonmu ba ne. ACN, CPC, ANPP da ɓangaren APGA suka haɗu a 2013 suka kafa APC, manufarsu ɗaya, a kayar da Jonathan. An kayar ɗin. Sai Nuwamban 2015 aka rantsar da ministoci. Saraki ya karɓe majalisar dattawa ba da son jam'iyya ba, kasafin 2018 sai watan Yuni aka sa masa hannu. Ɗan kwangila na jira, lebura na jira.

Na san za a ce ai Jamus ana yi. Can makonni ake zama ana rubuta yarjejeniya, ta 2021 shafi 177 ce, kuma duk da haka gwamnatin ta watse a Nuwamban 2024 a kan kasafi. Masu takarda ke nan, ina ga masu hoto?

Wallahi na san mutane sun jigata, ba na ganin laifin mai neman canji. Amma a rubuta: tallafi zai dawo ko a'a, da wane kuɗi, wa zai riƙe ma'aikatar kuɗi, wa zai raba gardama in an saɓa. A sa hannu kafin zaɓe.

Af, kuma wai cikinsu akwai wanda ya taɓa tambayar manomin Giwa ko Soba buhun masara nawa yake sayarwa kafin ya ɗauki buhun taki ɗaya?