Ka tuba, to ina kayan mutane?

'Yan'uwana cikin Almasihu, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Akwai wanda zai fito gaba ranar Lahadi, ya durƙusa, ya zub da hawaye, fasto ya yi masa addu'a, ya koma gida da murna. Amma buhun masarar da ya karɓa a hannun maƙwabcinsa damina uku da suka wuce, har yau bai biya ba. Kuɗin adashin da uwar adashi ta taɓa, ba a cike gurbinsu ba. Gonar da ƙanin miji ya ce zai riƙa wa marayu har su girma, ga yaran sun girma, gona ba ta koma ba. In an yi magana sai a ce, "Ai jinin Yesu ya wanke ni." Maganar gaskiya ce, ba za mu rage mata kome ba. Sai dai jinin Yesu mai zunubi yake wankewa. Ba ya mai da kayan wani su zama naka.

Kafin mu shiga batun mayarwa, a kafa tushe tukuna, don kada wani ya fita daga rami ya faɗa rijiya. Ceto kyauta ne. Afisawa 2:8-9 ta ce ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, ba ta ayyuka ba, don kada kowa ya yi fahariya. Romawa 6:23 ta ce hakkin zunubi mutuwa ne, rai madawwami kuwa baiwar Allah ce cikin Almasihu Yesu. Bitrus ya ƙara da cewa ba da azurfa ko zinariya aka fanshe mu ba, sai da jinin Almasihu mai daraja. Allah mai tsarki ne, ba ya kau da ido daga zunubi kamar bai gani ba. Mai ƙauna ne kuma, shi ya sa ya ba da Ɗansa ya ɗauki hukuncin a kan gicciye. Ko ka mai da duk abin da ka taɓa ci ninki goma, ba ka sayi ko taki ɗaya na hanyar sama ba.

Wanda ya fi kowa nuna mana wannan shi ne Yahuza Iskariyoti, almajirin da ya ci amanar Yesu don kuɗi. A Matiyu 27 ya mai da azurfa 30 ɗin nan cif, ya kuma faɗa da bakinsa cewa ya yi zunubi, ya ba da marar laifi. Kuɗi sun koma, shi bai koma ba. Wurin manyan firistoci ya kai nadamarsa, suka ce ba ruwansu, ya fita ya rataye kansa. Wannan ita ce irin nadamar da 2 Korantiyawa 7:10 ta kira baƙin ciki irin na duniya, mai kaiwa ga mutuwa.

Yanzu a dubi Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, a Luka 19. A lura da abin da ya fara zuwa. Yana kan itace Yesu ya kira shi da suna, ya ce yau a gidansa zai sauka. Zakka bai yi alkawarin kome ba tukuna. Sai da alheri ya shiga gidan, sa'an nan ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa zai ba matalauta, duk wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Yesu ya ce yau ceto ya zo gidan nan. Mayarwar ba ita ta jawo ceton ba, ceton ne ya buɗe hannun da ya daɗe a dunƙule.

Wannan ninki huɗun yana da tarihi. A Fitowa 22:1, ɓarawon da ya saci tunkiya ya yanka ko ya sayar, tumaki huɗu zai biya. In sa ne, biyar. In an sami dabbar da rai a hannunsa, ninki biyu. Wannan hukuncin ɓarawon da aka kama ne. Amma wanda lamirinsa ya kama shi, ya zo da kansa, Littafin Firistoci 6:1-7 ya sa masa abu mai sauƙi: ya mai da ainihin abin, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Zakka yana da damar tsayawa a nan, tun da ba wanda ya kai shi ƙara. Sai ya sa kansa a layin ɓarayin da aka kama dumu-dumu. Ga yadda zuciyar da ta ga Yesu take auna laifinta.

Ku karanta wannan wuri na Firistoci 6 a natse, za ku ga kamar a kasuwarmu aka rubuta shi. Ya ambaci ajiyar da aka ba mutum ya ci amana, da jingina, da ƙwace, da zaluntar maƙwabci, da tsintuwar da mutum ya yi ya musa, da rantsuwa a kan ƙarya. Ya kuma kira duk wannan cin amanar Ubangiji, ko da yake mutum aka cuta. Tsarin kuma a fili yake: a mai da kaya ga mai shi, a kawo ragon hadaya marar lahani wurin firist. Ba a ce rago ya isa ba. Mu yau ba ma kawo rago, Ɗan Rago na Allah ya riga ya miƙa kansa sau ɗaya tak. Amma maƙwabcin da aka cuta yana nan, Yesu kuwa bai soke hakkinsa ba. A Matiyu 5:23-24 cewa ya yi in kana miƙa baiko a bagade, ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna.

To, ta yaya ake yi?

Ka fara da Allah, kai kaɗai. Ka kira zunubin da sunansa. Kada ka ce "kurakuraina", ka ce "na ci kuɗin wane", "na tauye mudu", "na ture iyakar gona". 1 Yahaya 1:9 ta yi alkawari cewa in mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne, mai adalci kuma, zai gafarta mana. Ka karɓi gafarar a nan take, kada ka ce sai ka gama biya. Wanda yake biya don ya sami gafara, tsoro ne ke korarsa, yakan gaji a hanya.

Sa'an nan ka ɗauki takarda da biro. Suna, abin da aka ɗauka, yaushe, nawa. Zuciya gwanar rage lissafi ce in ita ake bi, takarda kuwa ba ta da kunya. Ka sa har da waɗanda ba a ɗauka a bakin kome: kuɗin ɗan ƙodago da ka riƙe, albashin yarinyar da ke aiki a gidanki, canjin da mai shago ya ba ka fiye da kima ka yi shiru, injin feshin da ka ara ya zama naka. Yakubu 5:4 ta ce hakkin masu girbin da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Maimaitawar Shari'a 24:15 ta ce a biya matalaucin ma'aikaci kafin rana ta faɗi.

Wajen lissafi a yi gaskiya. In hatsi ka karɓa, hatsi za ka mayar, ko kuɗinsa a farashin yau, ba na shekarar da ka karɓa ba. Wanda ya ci buhu ya kawo kuɗin da ba za su sayi rabin buhu ba, bai biya ba. In kuɗi ne, naira dubu 50 da ƙarin kashi ɗaya cikin biyar sun zama dubu 60. Wannan ƙarin ba doka ba ce a kan Kirista, kada wani ya ɗaura wa ɗan'uwa kaya da ita. Amma a ganina ma'auni ne mai kyau, domin wanda ka riƙe wa dukiya ya yi asarar amfaninta duk tsawon lokacin. In gona ce, a kira dattawa da mai unguwa, a nuna iyaka da rana tsaka, a rubuta, shaidu su sa hannu. A kuma yi maganar amfanin da aka ci a shekarun da aka noma ta.

In abin ya fi ƙarfinka a biya ɗaya, kada wannan ya hana ka tashi. Ka je da abin da ke hannunka, ka faɗi jimlar gaba ɗaya, ku yanka abin da za ka riƙa kawowa duk wata ko duk kaka. Gara ka ce dubu 5 a wata ka cika, da ka ce dubu 20 don kunya ka ɓace bayan wata biyu. Alkawarin da aka karya bayan tuba ya fi laifin farko ɓata sunan Almasihu.

Ga inda mutane da yawa ke ɓata hanya. Sai mutum ya ɗauki kuɗin da ya san na wane ne, ya zuba a baiko, ko ya saya wa majami'a kujeru, a yi masa tafi. Ya guje wa kunyar fuskantar mai kaya, ya kuma sami yabo a kai. Littafin Ƙidaya 5:5-8 ya tsara abin dalla-dalla: a biya wanda aka cuta. In ya rasu, a biya danginsa. Sai in babu dangi ko ɗaya ne abin zai koma ga Ubangiji. Don haka matar marigayi da 'ya'yansa suna gaba da asusun ikilisiya. Ba kuma a duba addinin mai kaya. In maƙwabcinka Musulmi ne ka cuta, hakkinsa daidai yake da na dattijon ikilisiyarku, wataƙila ma wannan biyan ne wa'azin da zai fi ji daga gare ka.

Wani kuskuren shi ne tone-tone ba hikima. Abin da ya tsaya a zuciya, kamar ƙyashi ko mugun tunani a kan wani da bai sani ba, tsakaninka da Allah ne. In ka je ka faɗa masa, ka sauke kayanka ka ɗora masa. Abin da ya shafi aure da zina kuwa, ba a lokacin ba da shaida a gaban jama'a ake fasa shi ba. A fara zuwa wurin fasto ko dattijo mai riƙe asiri, mace ta nemi uwa cikin zumuntar mata wadda bakinta ke da nauyi, a yi shawarar yadda za a faɗa da wanda ya kamata ya ji. Haka nan in akwai tsoron fitina ko duka, ko abin ya shafi dukiyar ma'aikata da shari'a, a nemi mai shiga tsakani, a nemi shawarar wanda ya san doka, a karɓi rasit. Hikima daban, ɓoyewa daban. Alamar da za ka gane su ita ce, a ƙarshe kaya sun isa hannun mai su ko ba su isa ba.

Sunan mutum ma kaya ne. In ka yi masa ƙage a gaban mutum biyar, wurin mutum biyar ɗin nan za ka koma ka ce ƙarya ka yi. In a zauren WhatsApp ka yaɗa, a wannan zauren za ka janye. Ba ya yiwuwa a ɓata mutum a kasuwa a ba shi haƙuri a ɗaka.

In ka je, maganarka ta zama gajeriya. "Baba, na zo ne a kan kuɗin nan. Na ci amanarka, ba ni da hujja. Ga abin da na kawo. Ka yafe mini." Kada ka haɗa da "amma kai ma". Zai yiwu ya ƙi yafewa, ya zage ka, ya baza labari. Ba ka da ikon tilasta masa. Romawa 12:18 cewa ta yi in mai yiwuwa ne, iyakar abin da ke wajenka, ka yi zaman lafiya da kowa. Gafarar Allah ba ta rataya a bakin wanda ka cuta ba.

Akwai kuma ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ke karanta wannan a kan gadon ciwo, ko cikin talaucin da ko abincin dare sai an yi dabara. Ka tuna da mai laifin nan da aka gicciye kusa da Yesu a Luka 23. Hannuwansa a kafe suke, ba abin da zai iya mayarwa. Ya yarda hukuncinsa daidai ne, ya roƙi Yesu ya tuna da shi, aka ce masa yau zai kasance tare da shi a Firdausi. Ubangiji ya san bambancin wanda ba ya iyawa da wanda ba ya so. Abin tsoro yana kan mai hali da ke cewa gobe. Ibraniyawa 9:27 ta ce an ƙaddara wa mutum ya mutu sau ɗaya, bayan haka sai shari'a. Ba wata dama a bayan kabari, addu'ar jana'iza kuma ba ta biyan bashi. Mu masu bi ma, 2 Korantiyawa 5:10 ta ce dukanmu za mu bayyana a gaban kursiyin shari'ar Almasihu. Saboda haka wanda bai iya biya yau ba, ya aika a kira mai kayan ya nemi yafiya, ya kuma bar takardar nan a hannun matarsa ko babban ɗansa, da shaidar dattijo ɗaya, don a fitar da hakkin mutane kafin a raba gado.

Kai kuma da za a zo wurinka da irin wannan, ka san ba ƙaramin yaƙi mutumin ya yi ba kafin ya iso ƙofarka. Ka ba shi wurin zama. In kana bukatar kayanka ka karɓa, ba laifi, hakkinka ne. In kana da hali ka yafe wani kashi ko duka, ka faɗa masa a fili cewa ka yafe, don kada ya ci gaba da ɗaukar nauyin. Abin da ya faɗa maka a ɗaki kuma ya tsaya a ɗakin, ko matarka ba sai ta ji adadin ba.