Abin da 'ya'yanmu ke koya a firamaren Ingila, da abin da mu muka koya a Islamiyya

Tun watan Satumba na 2020 doka ta wajabta wa makarantun firamare na Ingila koyar da darasin zamantakewa da hulɗa da mutane. Darasin jima'i shi kansa ba dole ba ne a firamare, kuma in makaranta ta sa shi, iyaye na da damar cire ɗansu. Na zamantakewar ne ba a cirewa, haka ma bayanin balaga da ke cikin darasin kimiyya. Da yawa daga cikin 'yan uwanmu a nan ba sa rarrabe waɗannan. Wasiƙa na zuwa daga makaranta sai zaurukan WhatsApp su ɗauki zafi, kowa na cewa za a lalata mana yara.

Damuwar ba ta banza ba ce. A 2019 iyaye Musulmi a Birmingham sun yi ta zanga-zanga a ƙofar makarantun Parkfield da Anderton Park saboda littattafan da ke nuna iyali mai uba biyu ko uwa biyu, har kotu ta hana taruwa kusa da Anderton Park. Ni ma ina ganin gwamnati ta yi kuskure da ta toshe wa iyaye hanyar janye yaro daga wannan ɓangaren. Tarbiyya ai ta iyaye ce kafin ta zama ta hukuma.

Sai dai inda nake rabuwa da 'yan uwana shi ne cewar da suke yi mu can gida ba a yi mana maganar jiki muna yara. An yi mana mana! Duk wanda ya zauna gaban malam da Ahalari a hannu ya karanta janaba da wankanta, ya karanta haila da jinin biƙi, tun bai san yadda abin yake ba. Malam na fassarawa, mu muna sunkuyar da kai muna ƙunshe dariya, kuma babu uban da ya zo ya janye ɗansa. An sa abin ne cikin tsarki da ibada, shi ya sa bai zama abin tashin hankali ba.

Abin da ba a koya mana ba shi ne wanda na ga ana koya wa ɗan shekara biyar a nan: abin da wando ya rufe naka ne, kana iya cewa a'a ko da babba ne, kuma sirrin da ke sa ka tsoro ba a riƙe shi, a gaya wa wani babba da ka amince da shi. Ƙungiyar kare yara ta NSPCC ce ta yaɗa wannan, har da waƙa. Mu kuwa an ce mana babba ba ya ƙarya, in ya aike ka ɗaki ka tafi. Yarinyar da maƙwabci ko ɗan uwa ya taɓa, da wane baki za ta faɗa? In ma ta faɗa, sau da yawa abin da za ta ji shi ne "rufa mana asiri".

A Najeriya an daɗe ana kai-komo. Manhajar ilimin zaman iyali da cutar ƙanjamau ta fito a 2003, sannan a 2022 ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya ba da umarnin a cire ilimin jima'i daga manhajar ƙananan makarantu, a bar wa iyaye da malaman addini. To, madalla, in iyayen za su yi. Uwa nawa ce ke zaunar da 'yarta kafin jinin farko ya zo mata? Yawanci a bakin ƙawa ko a wayar yaya take ji.

Shi ya sa ban cire 'ya'yana daga darasin jima'i da ka ba. Dole ne makaranta ta tuntuɓi iyaye kan tsarin darasin, don haka nakan je in nemi a nuna mini littattafan da hotunan. Abin da ya saɓa wa addininmu ina yi musu bayaninsa a gida tun kafin ranar darasin, maganar a'a ɗin nan kuwa ni da mahaifiyarsu muna ƙara nanata musu ita da Hausa.