Yanzu sai da hatimi ake zama uwa

Duk wanda ya taɓa neman takarda a ofis a ƙasar nan ya san ma'anar "oga ba ya nan" da "sabis ya ɗauke" da "ku dawo ranar Litinin", saboda haka ba zan ɓata lokacin kowa wajen bayani ba. Na yi aikin koyarwa har na yi ritaya, na sha tsayawa cikin ranar Birnin Kebbi a layin tantance 'yan fansho domin in tabbatar wa hukuma cewa ina raye, kuma duk na haɗiye wannan. Abin da ya ƙi haɗiyuwa shi ne wanda aka yi wa uwar 'ya'yana a makon jiya, a gabana, a wani ofis da ba zan ambaci sunansa ba.

'Yarmu ta fari likita ce a Perth, can ƙasar Ostireliya, tare da mijinta. Ta haihu a can ba tare da uwarta ta dafa mata ruwan jego ko ta dama mata kunun kanwa ba, jikokinmu kuwa ta gilashin waya muka san su, shi ma sai ranar da aka kawo wuta. Da ta sami takardar zama ta dindindin, kuma ta cika shekaru huɗun da dokarsu ta gindaya, sai ta ce za ta nema mana bizar iyaye ta wucin gadi, mai lamba 870, wadda aka fara bayarwa a shekarar 2019. Bari in faɗa wa masu sha'awa abin da ke cikinta, don kada su zaci gayyatar biki ce. Da farko ɗa ko 'ya ne zai nemi a amince masa ya ɗauki nauyin iyayen, ya biya dalar Ostireliya 420, ya kuma nuna cewa abin da yake samu a shekara, shi kaɗai ko haɗe da na abokin zamansa, ya kai dala 83,454 da 'yan kai. Idan aka amince, iyaye suna da wata shida kacal su shigar da tasu takardar. A lokacin da aka ɓullo da ita, ta shekara uku dala 5,000 ce, ta shekara biyar kuma dala 10,000, kowane mutum da kuɗinsa, kuma tun daga lokacin farashin hawa yake yi. Wanda ya sami bizar ba shi da izinin yin aiki, ba ya cikin tsarin lafiyar gwamnatinsu, dole a saya masa inshorar lafiya, ba ta kai mutum ga zama na dindindin, kuma jimillar zamansa ba za ta wuce shekara goma ba. A shekara guda mutum 15,000 kawai ake bai wa a duk faɗin duniya.

Wannan ciniki ne tsagwaronsa, kuma ban ji daɗinsa ba, domin ƙasar da ta karɓi likita wadda ba ta kashe ko sisi wajen renonta ba, bai dace ta sayar wa uwar likitar damar ganinta da tsada haka ba. Amma a yi musu adalci: sun rubuta sharuɗɗansu a fili, sun faɗi farashinsu, ba su kuma zagi kowa ba. Zagin a gida muka same shi.

Ana buƙatar shaidar da ke nuna cewa mu ne iyayen yarinyar. Takardar haihuwarta ta asibiti ce, tun kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi a watan Agustan 1991, don haka Jihar Sakkwato aka rubuta a kanta, alhali fasfonta yana cewa Kebbi. Sunan uwarta a wannan takarda an haɗa shi da na mahaifinta, a katin ɗan ƙasa kuma an haɗa shi da nawa. Ranar haihuwar Hajiya kuwa 1 ga Janairu ce, kamar ta rabin tsofaffin ƙasar nan, domin haka mai kwamfuta ya ga dama ya rubuta. Aka ce mu je a daidaita takardun a buga musu hatimi.

Muka isa da hantsi, aka nuna mana benci. Wanda ke kan teburin yaro ne da bai kai sa'ar autanmu ba, Bahaushe kamar mu, yana cin gyaɗa yana kallon wani abu a waya yana dariya shi kaɗai. Da layi ya zo kanmu na yi masa sallama, bai amsa ba. Na sake, sai ya miƙo hannun hagu ba tare da ya ɗago kai ba, na sa masa fayil ɗin. Ya buɗe shi da yatsun da ke da gishirin gyaɗa, ya jujjuya takardar haihuwar, wadda Hajiya ta adana a ƙasan akwati fiye da shekara talatin ba ta bari ko ɗigon ruwa ya taɓa ta ba, ya ce, "Baba, wannan ai ta 'yan Sakkwato ce. Ku tafi can."

Na ce, "Ɗana, a Argungu aka haife ta. Lokacin nan duk Jihar Sakkwato ce."

Ya ce, "Ni ban san wannan ba. Abin da na gani a rubuce shi na sani."

Ma'aikacin gwamnati ke nan, yana cin albashi a jihar da bai san ranar da aka haife ta ba. Na danne zuciyata na fara yi masa bayani a hankali, irin yadda nake yi wa 'yan aji huɗu, sai ya katse ni da hannu ya juya wajen Hajiya, ya dube ta daga lulluɓi har silifa, ya ce, "Ke ce mai zuwa Ostireliyar? To, Inna, me za ki je yi? Kin iya Turanci?" Ta sunkuyar da kai ta ce jikokinta za ta gani. Ya ce, "To faɗa mini sunan 'yar taki."

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kabi ya san cewa uwa irin ta zamanin Hajiya ba ta kiran sunan ɗan fari. Tun ranar suna ba ta taɓa furta shi ba, ko a ɗaki, ko a waya. Ta yi shiru, ta dube ni, ta ce a hankali, "Malam zai faɗa." Na buɗe baki ke nan ya daka mini tsawa cewa ba da ni yake ba. Sannan ya jingina da kujera, ya ɗaga murya yadda duk mutanen benci za su ji, ya kira abokin aikinsa ya ce, "Zo ka ga ikon Allah, uwa ba ta san sunan 'yarta ba, kuma wai ita za ta Turai. Haka kuke yi, ku samo tsohuwa a ƙauye ku ce uwar wance ce."

Hajiya ba ta ce uffan ba. Na ga hannunta yana rawa a kan jakarta, ta ja bakin mayafi ta rufe fuska. Matar da ta sayar da awakinta aka biya wa yarinyar nan kuɗin jarrabawa, yau ita ce tsohuwar da aka yo haya. Na ce masa, "Yaro, kana da uwa?" Ya ce kada in kawo masa wa'azi a wurin aiki, ya tura fayil ɗin gefe, ya ce akwai matsala babba a cikinsa, amma idan mun "fahimci juna" zai ga abin da zai iya yi. Ashe duk wannan ilimin tarihi da binciken nasaba, na goro ake nema. Madalla da wannan ƙwazo. Da na ƙi fahimta, nan take sabis ya ɗauke, oga kuma ya fita.

Ba yaron kaɗai nake tuhuma ba, domin bai faɗo daga sama ba. Wa ya sa mutum mai shekara saba'in ba shi da takardar haihuwa? A 1992 aka yi dokar da ake aiki da ita wajen wajabta rajistar haihuwa a duk ƙasa, mu da muka riga ta kuwa an bar mu da rantsuwar kotu da shaidar baki, kowace hukuma da irin sunan da ta rubuta mana, sannan mu za mu biya kuɗin gyaran kuskuren da ba mu muka yi ba. Fasfo mai shafi 32 da ake yi naira 35,000 ya koma 50,000 a watan Satumban 2024, bayan shekara ɗaya ya koma 100,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Gwajin lafiya da hoton ƙirji da ɗaukar hoton yatsu kuwa sai Abuja ko Legas, kamar dai babu mai ɗa a waje daga Yauri har Kamba. Tsoho zai bi hanyar Koko da Kontagora yana salati a kowace kwana, ko kuma ya nemi kuɗin jirgi daga fanshon da ba ya isar sa sayen magani.

Tambayar da ta fi wannan ita ce, me ya kai 'yata can tun farko? Ba yawon buɗe ido ta tafi ba. Ta yi aiki a asibitin da ake duba mara lafiya da fitilar waya, albashi yana zuwa lokacin da ya ga dama. A shekarar 2019, wato shekarar da Ostireliya ta buɗe wannan biza, ministan ƙwadagonmu na lokacin, Chris Ngige, wanda shi kansa likita ne, ya fito a talabijin ya ce muna da rarar likitoci, mai son tafiya ya tafi. Suka kuwa ji maganarsa. A 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da uwa, kuma da yawa daga cikin iyayen nan suna zaune a kan benci irin wanda muka zauna, suna jiran wani yaro ya gama cin gyaɗa. Gwamnati ta kori 'ya'yan, tana murna da kuɗin da suke aikowa gida, sannan ta kasa samar wa iyayen takarda guda mai tsabta da za su bi sawunsu da ita.

Mu ma jama'a muna da namu kason. Bencin nan cike yake da mutane, har da masu furfura, amma babu wanda ya ce wa yaron kul, domin kowa yana tsoron kada nasa fayil ya ɓata. Wasu ma har da taya shi murmushi.

Wata shidan da aka ba mu suna ta tafiya, kuma kwamfutar Ostireliya ba ta san oga ya fita ba. Idan wa'adin ya cika ba mu shigar da takarda ba, amincewar ta faɗi, 'yarmu za ta sake biyan kuɗi ta faro daga tushe, kuma babu wanda zai tambayi yaron nan ko da dalilin jinkiri, balle a ce ya bai wa Hajiya haƙuri.