Ku daina cewa rashin sa'a ce ta kayar da Pogačar

Har yau ina cin karo da masu cewa wai ba don rashin sa'a ba, da Tadej Pogačar ne ya lashe tseren keke na Paris-Roubaix na 2025 a Faransa, inda ya faɗi a wata kwana ya ƙare na biyu. Na yi ta danne zuciyata, yau dai na kasa. Gajiya ce ta kayar da shi a kwanar nan, kuma Mathieu van der Poel, ɗan Holan da ya ci tseren, shi ne ya yi ta tara masa ita tun daga dajin Arenberg, ɗaya daga wurare masu duwatsu mafi wuya a tseren.

Jama'a, tseren nan kilomita 259 ne. A ciki akwai wurare 30 da aka shimfiɗa wa tsofaffin duwatsu, idan ka haɗa su kusan kilomita 55. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke a hanya mai gargada ya san ba ƙafa ce ke fara mutuwa ba. Hannu ne. Yatsu su sandare, kafaɗa ta riƙe, wuya ya ƙage, ido ya daina kai wa ƙwaƙwalwa labari da wuri. Mutumin da ya sha wannan jijjigar na awanni, sai ya hango kwana amma hannunsa ya makara wajen kama birki. Abin da ya faru ke nan saura kilomita kusan 38. Pogačar ya shiga kwana da gudun da ya wuce ƙima, ya faɗi, kafin ya tashi ya daidaita kekensa ɗan Holan ya yi nisa.

Wasu su ce ai baburan da ke gabansa ne suka ruɗe shi. To Van der Poel da ke manne da bayansa fa, ba baburan ya gani ba? Shi ya sha kwanar ya wuce. Wasu kuma su ce ai karon farko ne da Pogačar ya shiga tseren. Na yarda, amma rashin sanin hanya ma ƙarfi yake ci, don kowace kwana sai ka yi tunani, alhali abokin hamayyarka jikinsa ya riga ya haddace ta.

In ma sa'ar ce, shi wanda ya ci ɗin tayarsa ta yi faci a Carrefour de l'Arbre, wani wuri mai duwatsu kusa da ƙarshen tsere, sai da ya canza keke. Bai rasa komai ba saboda ya riga ya tara ratar da za ta ɗauke shi. Wanda zan tausaya wa da gaske shi ne Mads Pedersen, da facinsa ya zo daidai lokacin da tsere ya ɓarke, duk da haka ya ƙare na uku.

Dabarar Roubaix ita ce ka gajiyar da mutum har ya yi kuskure da kansa. Kowane wuri mai duwatsu sai an yi kokawar shiga gaba, don na baya shi ke cin ƙura, shi ke taka birki idan wani ya faɗi, shi zai ƙona ƙarfinsa wajen kamo 'yan gaba. Ƙungiyar Van der Poel, wato Alpecin, ta san haka, shi ya sa ta ajiye Jasper Philipsen a rukunin gaba, Pogačar kuwa shi kaɗai. A 2024 ma haka suka yi, Van der Poel ya ɓalle saura kilomita kusan 60, ya isa filin Roubaix da ratar minti 3.

Wallahi ina ƙaunar Pogačar. Mutumin da jikinsa na hawan tsaunuka ne, mako ɗaya bayan ya ci tseren Flanders, ya zo ya yi na biyu a kan waɗannan duwatsun, ya cancanci jinjina. Amma in ka ce sa'a ce, ka zalunci wanda ya ci sau uku a jere, har da ranar da wani ɗan kallo ya jefe shi da gorar ruwa a fuska yana tsakiyar gudu.

Af, kwanan nan na ga hoton awakin da ake kaiwa Arenberg su cinye ciyawar da ke tsirowa tsakanin duwatsu kafin ranar tsere, don kada tayoyi su zame. Na daɗe ina kallon hoton nan. Allah Ya nufa wata rana in tsaya a bakin dajin in ji ƙarar kekunan da kunnena.