Ku bar yaro ya gina, ku bar shi ya rushe

Assalamu alaikum 'yan'uwana iyaye matasa na Aboabo, Asawase, Sawaba da sauran zangunan Kumasi.

Ranar Asabar da ta wuce ina zaune a tsakar gidanmu na haya, sai na ga ɗan maƙwabciyata, yaro ɗan shekara bakwai, ya tara gwangwanayen madara guda shida yana ta faman haɗa tirotiro, motar hayar nan. Ya huda su da ƙusa, ya zura sanda siririya, ya yanko tayoyi daga tsohon silifa. Da ya tura motar sai ta riƙa karkata hagu. Ya ɗaga ta, ya juya, ya ƙura mata ido, har ya gano taya ɗaya ta fi sauran girma. Yana cikin rage ta uwarsa ta shigo, ta daka masa tsawa wai ya cika gida da shara, ta kwashe komai ta zuba a bola, sannan ta miƙa masa wayarta don ya yi shiru. Ya kuwa yi shiru. Ni ce dai abin ya tsaya wa a rai har dare.

Ban ga laifinta sosai ba. Daga kasuwar Kejetia ta dawo, rana ta dake ta, ga girki yana jira, ga ɗaki ɗaya da mutum biyar. Ni ma na sha yin haka da nawa yaran, shi ya sa nake wannan magana da zafi. Abin da ta share ranar nan karatu ne. Yaron yana awo ba tare da an ce masa awo ne ba, yana neman dalilin matsala, yana gwada gyara, kuma bai yi fushi ya jefar ba. Wane malami ne zai iya cusa wa yaro waɗannan a kan allo cikin awa guda?

Ku lura da ƙaramin yaro in yana jera katako ko kwalin ashana. Zai ɗora, ya ɗora, ginin ya zube. Karo na biyu ma ya zube. A karo na huɗu ko na biyar za ku ga ya sa babban a ƙasa, ƙaramin a sama, babu wanda ya faɗa masa. Zubewar ce ta koya masa. Yatsun nan da ke ɗaukar ƙaramin abu su ajiye shi daidai, su ne gobe za su riƙe fensir da alƙalamin rubuta allo. In kuma yara biyu ne ke ginin, ku kasa kunne: "sa shi a tsakiya", "wannan ya fi tsawo", "ba ni biyu", "kai ka yi ƙofa ni in yi rufi". Ga lissafi, ga harshe, ga rabon aiki, har da koyon haƙuri in ɗan'uwa ya ture maka gini. Ku je Suame Magazine ku zauna da manyan makanikai, ku tambaye su da me suka fara. Da yawansu motar gwangwani da ta waya za su ambata.

Wani zai ce wasa ai shagala ce, gara yaro ya zauna ya yi tilawa. Tilawa tana da lokacinta, ba mai ja da wannan. Amma Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙawayenta suna zuwa su yi wasa tare. Da ya ga doki mai fukafukai a cikin kayan wasanta ya tambaye ta, ta ce ashe bai ji Annabi Sulaiman yana da dawakai masu fukafukai ba? Ya yi dariya, bai ƙwace ba. Mu da muke cewa shi muke koyi, ina muka samo wannan saurin ƙwacewa?

Ajin KG ɗin da muke kai yaranmu kafin firamare, wato kindergarten, shi ma asalinsa wasa ne. Bajamushen da ya raɗa masa suna a 1840, Friedrich Froebel, ƙwallaye da gutsattsarin katako ya riƙa ba yara su jera. Kamfanin Lego mai yin bulon roba na wasa kuwa wani kafinta ne a ƙasar Denmak ya kafa shi a 1932, da kayan wasa na katako ya fara, kuma ma'anar sunan a harshensu ita ce a yi wasa da kyau. A nan Ghana shekara biyu na KG suna cikin ilimin tushe, kuma manhajar da aka fito da ita a 2019 ta ce ta hanyar wasa za a koyar da su. Ghana ce ma ƙasar farko da ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1990, wadda sashenta na 31 ya ce wasa haƙƙin yaro ne. Duk da haka mu ne ke zuwa makaranta mu yi ƙorafi cewa ɗan shekara huɗu ya dawo ba a ba shi aikin gida ba, wai mun biya kuɗi ana ta wasa da shi.

Sai batun waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2019 cewa yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Kowa ya ƙirga na gidansa tsakaninsa da Allah.

In Sallah ta zo, mukan saya wa yaro mota mai batir, ta yi ƙara, ta yi wuta, shi kuwa ɗan kallo ne, bayan mako ta mutu. Da kuɗin nan gara a sayi bulon roba masu haɗuwa, ko na gwanjo ne, a wanke. In babu hali, a roƙi kafinta a unguwa ko a Sokoban ya ba da ragowar katako, a goge shi da kyau kada ya soki hannu. Ga laka, ga kwali, ga marafan kwalba. A ba 'ya mace kamar yadda za a ba namiji, ita ma tana da kai da hannu. Abu biyu dai kada a yi sake da su: ɗan ƙasa da shekara uku komai baki yake kaiwa, a nisanta shi da ƙananan guntaye, sannan ƙaramin batir ɗin nan mai kama da maɓalli in yaro ya haɗiye yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin 'yan awoyi, asibiti ake rugawa nan take. Ku kuma iyaye maza, in kun zauna da yaro kada ku karɓe ku gina masa don ya yi kyau. Ku tambaye shi me ya sa ya faɗi, ku jira amsa.

Jiya na kai wa maƙwabciyata wani kwali, na ce, "'Yar'uwa, don Allah ki bar masa wannan a ƙarƙashin gado, sharaɗi ya kwashe kayansa kafin magariba." Ta yarda. Ya riga ya tara gwangwani huɗu, saura biyu. Da yamma na gan shi ya kifa marfin kwalba a kan silifar, yana zana da'ira kafin ya yanka, don tayoyin su zo daidai.