Bangon tokamak da lissafin da ɗalibanmu ke rainawa

Jama'a, duk sanda aka ɗauko zancen makamashin nukiliya a Damagaram, hankali uraniyom na Arlit yake tafiya. To akwai wata hanya dabam, wadda ake haɗe ƙwayoyin zarra marasa nauyi irin na haidirojin, kamar yadda ke faruwa a cikin rana. Na'urar da aka fi gwadawa sunanta tokamak, kuma mafi girmanta, ITER, ana gina ta a Cadarache, kudancin Faransa. Za a dafa iskar gas har ta zama filasma, wato gas mai cajin lantarki, mai zafin digiri miliyan 150, a riƙe ta da maganaɗisu don kada ta taɓa bango.

Kowa tsakiyar wutar yake kallo. Ni kuwa gefenta ne ya ɗauke mini hankali, don can rigimar take.

A gefen, filasma ba ta tsiyaya a hankali. Dunƙule-dunƙule take ɓallowa, kowane faɗinsa kamar santimita, tsawonsa ya bi layin maganaɗisu, ya nufi bango da gudun ɗaruruwan mita a daƙiƙa. Sai a yi tsit, sai wani ya taso. Wanda ya zauna a unguwar Birni ya san ba jimillar ruwan shekara ke kada katangar laka ba, ruwan dare ɗaya ne mai ƙarfi. Haka bangon nan: injiniyan da ya dogara da matsakaicin zafi kawai zai sha mamaki. Ƙarfen tangistan da ake shimfiɗawa a gindin ITER ba ya narkewa sai a digiri 3422, amma an tsara wurin ya jure megawat 10 a kowace murabba'in mita, kusan ninki dubu goma na ranar tsakar Afrilu a kanmu. Kuma in bango ya zaizaye, ƙurarsa ta koma ciki, wutar ce ke hucewa.

Ga inda lissafi ya shigo. A 2012 Odd Erik Garcia, malami a jami'ar Tromsø ta Norwe, ya fitar da tsari mai sauƙi: a ɗauka dunƙulen nan suna zuwa ne kwatsam, babu wanda ya san da wani, siffarsu iri ɗaya, tashi da sauri, sauka a hankali, ƙanana da yawa, manya jifa-jifa. Wannan ai ka'idar Poisson ce, wadda ake koyarwa a darasin yiwuwa. Adadi ɗaya ke riƙe da kusan komai: tsawon rayuwar dunƙule idan aka raba shi da lokacin jiran na gaba. In adadin ƙarami ne, sai ka ga shiru mai tsawo da duka mai tsanani. In babba ne, dunƙulen su hau kan juna, abin ya daidaita. Da aka gwada tsarin da awon da aka yi a na'urorin tokamak uku, Alcator C-Mod ta Amurka, da TCV ta Suwizalan, da KSTAR ta Koriya ta Kudu, ya dace ƙwarai.

Masu suka na cewa wannan siffantawa ce kurum, ba ta faɗi abin da ke haifar da dunƙulen ba. Gaskiyarsu. Amma mai ƙera bango tambayarsa ita ce: sau nawa zafi zai haura iyaka, kuma zai daɗe nawa a can? Tsarin nan yana amsa ta a kan takarda, yana kuma zama ma'aunin da ake gwada manyan kwaikwayon kwamfuta da shi.

Shi ya sa nake jin takaici in na ji ɗalibin lissafi a Jami'ar André Salifou ta Zinder yana cewa darasin ƙididdiga na cike maki ne. Ƙanena, ba za a gina tokamak a Zinder gobe ba, balle ma ana fama da ɗaukewar wuta. Amma wannan ɓangaren aikin ba ya buƙatar maganaɗisu: kwamfutar hannu, harshen kwamfuta na Python, da malamin da zai zauna da kai ku ƙirƙiri siginar zuwan dunƙulen da kanku, ku canza adadin nan, ku ga yadda yanayin siginar yake sauyawa.